Ƙashin da Baba Buroshi Ya Wanke

Shekara ashirin da bakwai Baba Buroshi ya yi a ɗakin ƙasa na cibiyar binciken teku, aikinsa kuwa ɗaya ne: a kawo ƙashi da dauɗa, ya mayar da shi fari tas. Da buroshin nan ya raini 'ya'ya huɗu, har laƙabin ya cinye sunansa na yanka.

Wata Talata aka sauke masa haƙarƙarin wel, dabbar tekun nan da ta fi babbar mota girma, cikin baho mai ƙanƙara. Daga ƙasan teku aka ciro shi, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. A jikin bahon an liƙa takarda: "A gyara." Wasu jajayen abubuwa masu yauƙi sun lulluɓe ƙashin. Baba ya naɗe hannun riga. Kafin a tashi, ƙashi ya yi fes.

Dakta mai binciken, sa'ar autarsa, tana saukowa ta ɗora hannu a ka.

"Baba, ka kashe ni! Jajayen abubuwan nan tsutsotsi ne, su muka je nema. Ba su da baki, ba su da ciki, saiwa suke kafawa a ƙashi su ci. Wata biyu muna kan jirgi!"

"To, 'yata, me kika rubuta?"

"Ai nufina a canza musu ruwa."

"A ɗakin nan gyara ma'anarsa ɗaya."

Washegari shugaban cibiyar ya kira shi, ya turo masa takarda: ko ya sa hannu cewa ya yi sakaci, ko ya bar aiki. Dakta tana gefe, ta ƙura wa takalminta ido. Baba ya karanta sau biyu.

"Ranka ya daɗe, sakaci shi ne a ba ka aiki ka yi wasa da shi. Ni awa shida na yi ina gurza, har da tsinke na bi ramukan. Ku rubuta jahilci, zan sa hannu. Amma a ƙara da cewa ba wanda ya taɓa sauko matakala ya gaya mini abin da kuke nema."

Shugaba ya ce, "Haba Baba, kalma ce kawai."

"Kalma ce ta kashe tsutsotsin."

Ya dubi Dakta. Ta kau da kai. Sai ya zaro makullin ɗakin ƙasa, ya ɗora shi daidai inda aka bar wa sa hannunsa, ya fita bai rufe ƙofa ba.