Baƙar Ƙwallon Nakkasa

Har yau in na ji ƙwallaye biyu sun haɗu sun ce ƙas, sai in ga kaina a Nakkasa, unguwarmu ta kan dutse a birni mai tsarki, a shagon da ke ƙasan gidanmu, inda teburin sinukar Kawu yake.

Kawu direban tasi ne, amma zuciyarsa na kan koren teburin nan. A kaset ɗin bidiyo ya koyi wasan, yana kallon ƙwararrun Ingila suna gasar duniya. Ba shi da igama, wato takardar zama, don haka ko gasar Jidda ba ya iya shiga. Sai ya ƙirƙiro tasa. Duk shekara in alhazai sun watse, 'yan unguwannin Hindawiyya da Rusaifa su hauro dutse, a kwana bakwai ana fafatawa. Kofin kuwa tsohuwar butar gahawa ce. Ka san gidan kan dutse: teburin a karkace yake, da kwali aka tokare ƙafarsa ɗaya.

Kakana, mahaifin Kawu, ya tsani wasan. Shekara huɗu Kawu na shirya gasa wasu na tafiya da butar. A ta biyar Kaka ya ce, “Halas, ya isa. In bana ba ka ci ba, sandar wasan nan muciya za ta koma.”

Ranar ƙarshe Kawu ya haɗu da wani tela ɗan Hindawiyya. Shago ya cika maƙil, mu yara muna kan matakala. Aka cinye komai, saura baƙar ƙwallo manne da bango, wanda ya jefa ta rami shi ya ci. Bugun Kawu ne. Yana goga wa bakin sandarsa alli sai aka kira la'asar. Kaka ya shigo ya kora kowa masallaci, aka ja ƙofar ƙarfe da ƙarfi.

Da aka dawo, baƙar ta gangaro bakin rami. Girgizar ƙofa ce ta zame kwalin. 'Yan Hindawiyya suka hau ihu, namu suka ce rabo ne. Sai Kaka ya ratsa taron, ya gyara kwalin, ya ɗauki ƙwallon da yatsu biyu ya mayar da ita jikin bango.

“Nan na gan ta.”

“Baba, ni fa ɗanka ne!”

“Shi ya sa. Yalla, buga.”

Wallahi na ji haushin Kaka a ranar. Kawu ya sunkuya, gumi na ɗiga kan rigarsa. Ƙas! Baƙar ta bi bango a hankali, ta yi kamar za ta tsaya, ta faɗa. Shago ya kaure. Muryar da ta fi ta kowa kuwa ta Kaka ce, ya ɗaga sandar dogarawarsa sama yana cewa, “Ɗana ne! Ɗana ne!”

Yanzu an rushe wajenmu, ko matakalar ba ta nan. Ƙwararrun da Kawu ke gani a kaset su ke zuwa Riyad da kansu suna gasa. Ranar nan ni da Kawu muna kallonsu a gidana na Rusaifa, tsohuwar baƙar ƙwallon na hannunsa, na tambaye shi ko yana jin zafin rashin zuwa. Ya nuna talabijin.

“Teburinsu a daidai yake,” in ji shi. “Kuma babu wanda ubansa ya mayar masa da ƙwallo baya.”