Taliyar Da Ba Ta Son Jama'a

A ɗakinmu na Mu'aither, can ƙasar Larabawa, girkin Juma'a na Baba ne. Ba wanda ya naɗa shi, haka muka tarar da abin. Mutumin Kumasi ne, ya girme mu duka, kuma shi kaɗai ne a cikinmu yake shiga kicin na gaske, don wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci a cikin gari. Ni direba ne. Sauran biyun masu gadi ne, ɗaya ɗan Katsina, ɗaya ɗan Gombe. Mu ukun in ka haɗa iliminmu na girki, bai wuce shayi da dafaffen ƙwai ba.

Da an sauko daga masallaci Baba zai ɗora shinkafa da wake a babbar tukunya. Wani ikon Allah, duk Bahaushen da ke unguwar sai daidai lokacin sauke tukunyar nan yake tuna ya daɗe bai gaishe mu ba. Baba bai taɓa ɗaure fuska ba. In mutum ya yi sallama, shi kuma ya ƙara ruwa a miya.

A shekarar da nake ba da labari, gidan abincinsu ya sayo injin wanke kwanoni, aka ce ba duk masu wanke-wanke za a sabunta wa kwantiragi ba. Kowa ya san wa za a fara sallama, tunda furfura ba ta ɓoyuwa. Baba kuwa yana da 'ya'ya mata a makaranta can gida, ba su kammala ba. In aka sallame shi, kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, zai soke takardunsa, sai Kumasi.

Mafita ɗaya ce ta samu. Shugabar masu girkinsu, wata 'yar Thailand da yake kira Madam, tana neman mataimaki a bakin wuta. Ta ɗauki lokaci tana nuna masa wani abincinsu a fakaice, sannan ta ce ran Asabar zai girka shi a gaban manaja. In ya yi, an ɗauke shi. Ta ba shi aron tsohon kasko mai zurfi, da leda cike da ɗanyar taliyar shinkafa mai faɗin yatsu biyu, da kwalabe biyu na baƙin ruwan waken suya da suke kira soya sos, ɗaya mai kauri da zaƙi, ɗaya tsinkakke mai gishiri. Ta ce ya je ya yi ta gwaji ran Juma'a.

Sunan abincin ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka bar shi a taliyar Madam. Kayan haɗinsa ba su da yawa: naman sa yankan siriri, tafarnuwa, ƙwai, ɗan sukari, da wani ganye mai kama da alayyahun da ya samu hutu. Babu tumatir, babu attaruhu. Ɗan Gombe ya duba ledar ya sake dubawa, ya ce ina miyar. Baba ya ce babu.

"Madam ya ce faranti ɗaya-ɗaya ake yi," in ji shi da Hausarsu ta Zango. "In ka zuba da yawa kaskon zai yi sanyi, taliyan ya yi ruwa. Kuma in ka zuba, kar ka taɓa shi sai ya ɗan ƙone."

Muka yi ta dariya. Mu inda muka fito, ƙaurin abinci abin kunya ne, har maƙwabta sai sun ji labari. Ga shi wata ta taso tun daga Thailand tana koya wa dattijo yadda ake ƙona abinci da gangan.

Ran Juma'ar baƙi suka zo kamar yadda suka saba, har da ƙari. Aka shimfiɗa tabarma a ɗan falon da ke kallon ƙofar kicin. Baba ya buɗe gas har ƙarshe, ya jira kaskon ya fara hayaƙi, ya zuba mai da tafarnuwa, ya jefa nama, ya fasa ƙwai, ganye ya biyo baya, sannan taliya da baƙin ruwan nan. Kafin in gama wanke hannu har ya juye. Faranti ɗaya ne tak, abincin mutum guda.

Na kai wa babba a cikin baƙin, wani ɗan Zariya mai tuƙa motar makaranta. Ya dubi farantin, ya dubi jama'a, ya tura shi tsakiya ya ce bismillah. Hannuwa suka shiga suka fito. Ni zare biyu na samu da ɓarin ganye. Daga nan kowa ya ciro wayarsa ya shiga dannawa, irin dannawar mutumin da ba ya jin yunwa ko kaɗan. Amma duk kunnuwa suna kicin.

Faranti na biyu yana kan wuta ɗan Gombe ya ji ƙauri, ya zabura ya rage gas, don taimako. Taliyar ta kwanta ta jiƙe. Baba bai yi masa faɗa ba. Leƙowa ya yi falon, ya ga manyan mutane a zaune gaban wofin faranti, ɗan Zariya yana share yatsa a hankali. Na ga fuskarsa ta canza.

"Kai, wannan ba tarbiyya ba ne," ya ce. Ya sauke kaskon Madam, ya jawo babbar tukunyarmu.

Na ce, "Baba, gobe fa."

"Gobe na Allah ne. Yanzu mutane suna jin yunwa."

Ya juye ledar taliyar gaba ɗaya, da naman, da ganyen, ya tuttule soya sos, ya kama juyawa da ludayi. Taliyar ta kakkarye, ta narke, ta haɗe jikinta. Abin da ya sauke tuwo ne, baƙi, mai ƙyalli. Ɗan Katsina ya ɗauko yajin da aka aiko masa daga gida ya barbaɗa. Gaskiya ta yi daɗi. Aka ci aka side, aka sa wa Baba albarka, wani har yana cewa lallai mutanen Thailand ma sun san tuwo.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ji haushin baƙin da ba su yi laifin komai ba, na ji haushin Baba wanda ya fi su rashin laifi. Na same shi a kicin yana kankare tukunya da hannuwan nan nasa da sabulu ya tsattsage. Gwajin da zai raba shi da wannan aikin ya ƙare a faranti ɗaya da rabi, kuma ya ce ko na farkon bai yi daidai ba. Tausayinsa ya kama ni.

Ɗan Katsina ne ya tsaya a bayana ya ce, "Yalla, ɗauko makullin mota."

Muka nufi unguwar Al Thumama, wajen wani kanti da ya san 'yan Asiya suna sayayya. Ɗanyar taliya babu, amma mun samu busasshiya mai faɗi, mai kantin ya ce a jiƙa ta a ruwan ɗumi. Muka haɗo nama da ganye muka dawo bayan la'asar. Baƙin suna nan inda muka bar su, sai dai yanzu a kwance suke. Tuwon ya zauna musu a ciki kamar an zuba siminti.

Baba ya sake ɗora kaskon. Ɗan Katsina ya tsaya a ƙofar kicin ya harɗe hannu, aikinsa na kullum, ya ce ba mai shiga, musamman mutanen Gombe. Faranti ya fito, aka rasa mai karɓa. Wannan ya ce alhamdulillahi, wancan ya ce a ba wane, shi ne yaro. Sai da muka yi ta roƙo kafin ɗan Zariya ya tashi zaune ya ci don zumunci.

A nan hannun Baba ya saki. Tunda ba wanda yake jiransa, ya bar taliyar ta kwanta a kaskon tana ƙara, yana tsaye da cokali a hannu bai taɓa ba. Ka ga leɓensa yana motsi, ban sani ba ko ƙirga yake ko istigfari. Sai ya ɗaga kaskon ya watsa ta sama sau ɗaya. Wani farantin ya yi gishiri, wani ya ƙone ƙonewa ta gaske, mu kuma muna ta tura wa cikinmu abin da bai nema ba. Gab da magariba wani ya fito daban. Zaren bai karye ba, gefensa ya yi baƙi-baƙi, ƙamshin hayaƙi ya shiga naman kamar na mai tsire. Baba ya ɗanɗana a tsaye, ya kashe gas.

"Khalas," ya ce, wato shi ke nan.

Na tambaye shi, gobe ma ai masu yunwa ne za su zauna jiransa, yaya zai yi.

"Can akwai bango," ya ce. "Oda kawai nake ji, ba na ganin idon kowa."

Ran Asabar ya girka a gaban manaja, aka ɗauke shi. Mun yi murna ƙwarai, ɗan Gombe har da cewa da hannunsa a ciki. Abin da ba mu lissafa ba shi ne masu girki suna da nasu masauki a Mesaimeer, kusa da inda motar kamfani take kwasarsu, kuma ranar Juma'a ce gidan abincin ya fi cika, ba mai girkin da yake hutu. Ni na kai shi da akwatinsa. Abin da na roƙa masa ke nan, Allah ya ba shi, amma a hanyar dawowa ko rediyo ban kunna ba.

Juma'ar da ta biyo baya muka sauko daga masallaci, kowa ya zauna a bakin gadonsa yana jiran wani ya tashi. Can muka ji sallamar ɗan Zariya a ƙofa. Muka dubi juna. Ni ne na tashi na ɗora ruwan shayi.