Likitan Ganye na Badaguishiri

Masu garka na Badaguishiri in ganyen albasa ko tumatir ya yi musu rawaya, wurin Abarshi suke zuwa. Likitan ganye suke ce mishi. Ni taubashiyarshi ce, ɗiyar kawunshi, na san lakwal ɗin da ya yi, wato makarantar likitancin nashi, tunda ni na ba shi dipulom.

Shekara ashirin da uku Abarshi yana falanto a buro na Illela, yana kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Hannunshi bai san ƙotar hauya ba. Ko rama, in ba a cikin kwano ya gan ta da ƙuli-ƙuli ba, sai ya wuce ta bai gaishe ta ba. Da ya ajiye aiki, shekara uku bayan yunwar tamanin da huɗu, ya dawo gida ya ce kasuwanci za shi yi. Wani direba, Labo, ya ja shi bayan mota a tasha, ya danƙa mishi ƙullin iri, ya ce wiwi ne na ƙwarai daga hayin iyaka, daro shida ya isa ya sayi babur. Abarshin da ko taba sigari ba ya sha!

Ya shuka a tsofaffin daruka cikin ɗakin ajiya, ya toshe taga da buhu, ya sa kwaɗo. Jandarma in sun kama mutum da wannan abu sai kaso, gidan yari, ya sani sarai, shi ya sha kai takardun irin waɗannan mutane.

Tsiro ya fito, ya miƙe siriri kamar mai jinya, ya yi ganye mai yatsu. Sai ganyen ƙasa ya soma rawaya. Abarshi ya ce yunwa ce, ya zuba takin awaki. Rawaya ta hau sama. Ya ce ƙishirwa ce, ya yi ta tuttula ruwa har ɗaki ya ɗauki warin fadama. Ya sayo takin zamani ya barbaɗa da hannu biyu, bakin ganye ya ƙone ƙurmus. Ya buɗe kaye, littafin rubutu, yana rubuta kowane ganye da ranar da ya kwanta ciwo, kamar rajistar likita. Toka ma ya gwada. Rubutun sha ne kaɗai bai ba su ba, shi ma don bai san me zai gaya wa malamin ba.

Matarshi Larai ta leƙa sau ɗaya ta fito tana danne dariya da gyale. Na ce, "Ke, mi yake ɓoyo?" Ta raɗa mini. Na ce, "Kada ki hwaɗa mishi. Ki bari ya gama karatu."

Da daro huɗu suka mutu, Abarshi ya rame ya fi shukar. Mutum ɗaya ne ya san ciwon ganye a garin, Attahiru malamin gona, da ake kira Mushe kamar duk wanda ya yi boko, kuma gidanshi katanga ɗaya da na jandarma. Kwana uku bawana Abarshi yana jujjuya abin. Ranar kasuwa ya tsinki ganye ya sa cikin anbulan, ya yi sallama da Larai kamar mai tafiya Makka, har ya nuna mata inda takardun gida suke. Na bi bayanshi, don ban yarda a ba ni wannan labari ba.

"Mushe," in ji Abarshi, "na wani abokina ne."

Attahiru ya juya ganyen, ya shinshina, ya tauna kaɗan. "Baba, abokin naka ina yake ajiye ta?"

"Cikin ɗaki."

"Laihin mi ta yi? Ruwa ya yi mata yawa, taki ya ƙone ta, rana kuma ba ta gani. Ya hid da ita waje. Rama ba ta son kulle."

"Rama?"

"Rama mana. Ta kwaɗo."

Na ce, "Mushe, ka rufa mishi asiri, kada kumandan jandarma ya ji. Wata biyu yana gadin miyar Larai da makulli."

Abarshi ya zauna a ƙasa. Har yau ban san ko murnar tsira daga kaso ce ta zaunar da shi ko kunya ba. Ya dube ni ya ce, "Ke ma kin sani?" Na ce, "Bawana, akuyar gidanku ma ta sani."

Daro biyun da suka rage aka fito da su tsakar gida. Cikin kwana goma suka yi kore shar, Larai ta yi kwaɗo ta aiko mini, na ci na ce da tsami amma babu maye. Labo bai sake biyowa ta tasharmu da rana ba.

Kayen nan dai bai tashi a banza ba. Mutumin da ya kashe shuka ta hanya huɗu ya san kamannin kowace mutuwa. Yanzu da an miƙo mishi ganye zai ce wannan ruwa ne, wannan taki, wannan inuwa, kuma yana dacewa. Babur bai samu ba, sai keke. In na kai mishi nawa ganyen, nakan sa shi cikin anbulan in ce na wata ƙawata ne.