Ɗan Masar Mai Yi wa Gilashi Gwalo

A jirgin ƙasa na metro a birnin Riyad, Salmanu ya zuba wa dattijon da ke gabansa ido. Tumbi ya fi ƙarfin bel, fensir a bayan kunne, yana ƙunƙuni da Larabcin Masar. Yana duban fuskarsa a gilashin taga, ya kumbura kumatu, ya yi gwalo, ya duƙa ya zana. Salmanu dai ya yanke cewa zafi ya taɓa masa kai.

"Ya hajji, lafiya?"

"Fim ɗin katun nake zana wa yara," in ji dattijon. "Raƙumi mai mamaki nake nema, fuskata ta ƙi bayarwa." Ya ɗago, ya ga Salmanu baki sake. "Kada ka motsa, ɗan'uwa."

Har aka wuce tashar da Salmanu zai sauka, bai rufe bakin ba.