Layin Da Na Ƙara Bayan Batir Ya Fashe

Ni ne mai laifi, kuma da wannan nake son in fara, domin na shafe shekaru ina ba da labarin nan ta fuskar da za ta wanke ni. Edita, ina roƙon ka ba ni fili in faɗe shi yadda ya faru. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin ni matashi ne, ban daɗe da aure ba, ina koyarwa a wata firamare a yankin Gagarawa. Karatuna bai yi zurfi ba, amma Allah ya hore mini abu biyu: ina iya kwance rediyo in mayar da ita, kuma ina rubuta Hausar da mai karatu ba ya tuntuɓe a cikinta. A shekarun da aka yi ta buɗe makarantu a ƙauyuka, tun muna cikin jihar Kano, aka raba wa wasu makarantu akwatunan rediyo don darussan da ake watsowa da hantsi. Tun da babu lantarki, kowace rediyo da batirin mota take aiki, kuma sai an kawo shi Gumel ake yi masa caji. Aka ɗauko ni daga aji zuwa wani ɗan ofishi a Gumel, aikina shi ne in rubuta wa malamai bayanin yadda ake sarrafa kayan nan, sannan in zagaya in koya musu. A raina na ga tsani, kuma na ƙudura sai na hau shi har ƙarshe.

Maigidana a ofishin wani dattijo ne mai yawan raha, amma yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita. Duk takardar bayanin da muka rubuta, kafin a gurza ta a raba, sai an samo wanda bai taɓa taɓa na'urar ba, a miƙa masa takardar da kayan, mai rubutun kuma ya zauna gefe ya harɗe hannu ya ja bakinsa. Duk inda mutumin ya tsaya yana waige-waige, ko ya yi abin da ba a nufa ba, to takardar ce ta gaza. Yakan ce takarda ba ta da baki, in ta tafi ƙauye ba za ka bi ta kana yi mata tafinta ba. Ni kuwa zaman nan yana ƙona mini rai. Ina ganin ɓata lokaci ne in zuba wa mai gadi ko mai kawo ruwa ido yana lalube a kan abin da nake yi ko idona a rufe.

Shekarar da dattijon ya tafi aikin Hajji, aka ce in rubuta bayanin kula da batir. A daidai lokacin ana zaɓen waɗanda za a tura kwas a Kano, ina son a ga na gama aiki da wuri ba tare da kowa ya riƙe mini hannu ba. Na zauna na buga shi a keken rubutu: yadda ake goge kawunan batir, yadda ake buɗe murafensa a leƙa a ga ko ruwansa ya ja baya, da irin ruwan da ake ƙarawa. Ban gwada shi a kan kowa ba. Abin da na manta shi ne, batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, musamman in bai daɗe da dawowa daga caji ba, don haka ba a kusantar sa da ashana ko fitila. Ni ban taɓa tunanin faɗar wannan ba, domin kullum a tsakar gida nake duba nawa, cikin hasken rana, kuma da tocila a aljihuna. Ban tuna cewa a ƙauye ana kulle batir a ɗakin ajiya na ƙasa wanda ko taga babu ba.

Akwai wani malami a wani ƙauye da ke yankin Sule Tankarkar, ya girme ni, yana da mata da 'ya'ya. Ɗan makiyaya ne, shi ne na farko a danginsu da ya yi boko, kuma saboda ganin idonsa ne Fulanin wajen suka yarda suka saki 'ya'yansu zuwa makaranta. Mutum ne mai bin ƙa'ida sau da ƙafa, har mukan tsokane shi cewa ko kunu zai sha sai ya nemi takardar bayani. Wata safiya ya shiga ɗakin ajiya da takardata a hannu, ya buɗe murafen kamar yadda na rubuta, ya leƙa bai ga komai ba saboda duhu, sai ya ƙyasta ashana. Batirin ya fashe a fuskarsa. Allah ya tsare ransa, amma idonsa na dama ya tafi, ruwan batirin kuma ya cinye takardar da ke hannunsa.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce kuskure ne, ɗan Adam ajizi. Amma da na ji za a zauna bincike, tsoro ya kama ni. Na ga kwas ya kuɓuce, na ga an mayar da ni aji. Sai na sake buga takardar, na ƙara layi ɗaya a tsakiya mai gargaɗi a kan wuta, na gurza sababbi. Na hau keke na bi makarantun da aka kai wa tsohuwar, ina cewa tawadarta ba ta fito sosai ba, na karɓe na ba su sabuwa. Ranar zaman aka kawo malamin, rabin fuskarsa a naɗe. Ya ce shi dai bai ga inda aka hana wuta ba. Na zaro sabuwar takarda na ajiye a gabansa, na sa yatsa a kan layin. Ya sunkuya da ido ɗaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, “To, ashe ni ne na tsallake. Allah ya ba ku haƙuri.”

Aka rubuta cewa sakaci ne, aka sallame shi daga aiki. Iyayen yara suka ce in har malamin da suka amince da shi bai tsira daga akwatin nan ba, ina ga 'ya'yansu, da yawa suka janye yaransu suka mayar da su kiwo. Da maigidana ya dawo ya tambaye ni a kan wa na gwada takardar, na ce a kan mai gadi. Ya dube ni, kuma daga ranar bai ƙara yi mini raha ba har ya bar aiki. Ni kuwa na tafi kwas, na dawo da takardar shaida, na samu ƙarin girma. Na rubuta littattafan bayani a kan rikoda da majigi, daga baya ma aka ba ni aji a makarantar horar da malamai, ina koyar da yadda ake rubuta umarnin da mutum zai bi ba tare da ya cutu ba. Abin kunya, har misali nakan bayar da wani malami da ya rasa ido don bai karanta takarda da kyau ba.

Bayan shekaru masu yawa na je kasuwar Maigatari neman ragon suna. A layin masu igiya da kanwar dabbobi na ji an kira ni da Malam. Malamin nan ne, zaune a rumfa, ya rame, idon nan a shafe. Ya tashi ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya shimfiɗa mini buzu, ya aika aka kawo fura. Ya shiga nuna ni ga maƙwabtansa yana cewa ga masanin da ya yi iya ƙoƙarinsa a kansu, shi ne dai kansa bai ɗauka ba. Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce ai shi ya sa suke kiran sa malamin ashana, shi ma ya taya su dariyar. Da muka keɓe ya gaya mini tun daga ranar bai ƙara yarda da karatunsa ba, ko takardar asibiti aka ba shi sai ya nemi wani ya karanta masa. Ya ce babban ɗansa ya so ya ci gaba da makaranta, shi ya hana, don kada ya gado garajen ubansa. Na ajiye furar na yi masa sallama. Na koma gida ban sayi ragon ba.

Abin da na koya, da tsada na koye shi, kuma wani ne ya biya. Ku masu rubuta wa jama'a bayani, ko na magani ne ko na inji, ku sani abin da hannunku ya saba da shi har kuka daina ganinsa, shi ne zai cuci wanda ya amince da ku. In kuma kuskure ya auku, ku amsa shi tun yana ɗanye. Idon malamin nan kuskurena ne ya ɗauke shi, amma aikinsa da mutuncinsa da karatun ɗansa, ƙaryata ce ta cinye su, kuma da hankalina na yi ta.

Bayan haɗuwarmu a kasuwa, na fara da zuwa tsohon ofishinmu na Gumel na faɗi gaskiya a rubuce, na ce su yi da ni yadda suka ga dama. Amma na san ba a can bashin yake ba. Da kasuwa ta zagayo na koma Maigatari. Na same shi cikin mutanen nan da ke yi masa dariya, yayansa ma yana wurin ya kawo shanu. Ya yunƙura zai shimfiɗa mini buzu, na ce ya bari. Na tuɓe takalmina na durƙusa a ƙasa, na ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji.

“Malam, ba ka tsallake komai ba. Layin nan babu shi a takardar da na ba ka, bayan ka ji ciwo na ƙara shi don in tsira. Karatunka daidai yake, ni ne na yi maka ƙarya a gaban mutane, shi ya sa na zo in faɗa a gaban mutane. Ban cancanta ba, amma don Allah ka yafe mini.”