Kayan Farko da Amalankena Ya Ɗauka

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a wata rumfa a kasuwar Birnin Kudu, wani dattijo mai fataucin shanu ya kawo mini riga in rage masa hannu. Yana zaune yana jira sai ya shiga ba ni labarin Mambila. Ya ce ƙasa ce a kan duwatsu, sama ta sauko kusa da mutane, har gajimare yakan shigo ɗaki ta taga ya jiƙa wa mutum bargo. Ya ce da safe shanu suna kiwo a cikin gajimaren, sai dai ka ji kukansu, ba ka ganinsu. Ya karɓi rigarsa ya yi gaba, ya bar ni da ciwon da ban san maganinsa ba. Daga ranar ƙafata ce kawai take kan keken ɗinki, ni kuwa ina can. Na taɓa ɗinke wa wani bawan Allah aljihu ruf saboda a raina ina tsakiyar hawan dutse.

Na ƙudura cewa da babur ɗina zan je, don in tsaya duk inda idona ya ce in tsaya. Matsalar ita ce kaya. Sai na nufi wurin abokina mai walda, na ce ya ƙera mini ɗan amalanke da zan ɗaura a bayan babur. Ya yi dariya har ya ajiye gilashin aikinsa, sannan ya ɗauki alli ya fara zane a ƙasa. Haka yake, sai ya gama yi maka dariya sannan ya fi ka shiga cikin haukar. Ya samo tayoyin wata tsohuwar a-daidaita-sahu, ya haɗa ƙarafa, ya shimfiɗa katako, ni kuma na ɗinka rumfar tamfol da hannuna.

Duk daminar nan a kan wannan aiki ta ƙare mana. Bayan la'asar mukan zauna a ƙarƙashin darbejiyar da ke ƙofar shagonsa muna tsara hanya: Gwaram, Darazo, Gombe, a haye babban kogi a Numan, a wuce Jalingo, sannan a fara hawa. Shi da bai taɓa wuce Bauchi ba, shi ne mai gardamar inda ya fi daɗin yada zango. Na tanadi risho, buta, darduma, jarkar mai, famfo da kayan faci, har da ƙaramin keken ɗinki na hannu, wai duk ƙauyen da na sauka in yi wa mutane ɗinki su ba ni tuwo. Ina rufe ido in ga kaina a gefen hanya ina dafa shayi, gajimare yana wucewa ta gwiwata. Ban taɓa jin daɗin wani abu kamar shirin nan ba.

Abu ɗaya ne ya rage, kuma shi ne babba: yardar mahaifiyata. Na yi wa kaina alkawari ko amalanken zinariya ne, ba zan tayar da babur ba sai na ji ta ce Allah ya kiyaye hanya. To, ni ɗan fari ne, ita kuwa irin iyayen nan ne na da. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon idona ta yi mini magana ba. Da mahaifina yana raye ta bakinsa saƙo yake zuwa. Da ya rasu, ƙannena mata kuma suka tafi gidajensu, sai aikin ya koma kan wata tunkiya da take ɗaure a tsakar gida. In abinci ya sauka, tunkiyar ake gaya wa cewa ga tuwon mutane yana hucewa. In na yi dare a waje, ita ake tambaya ko wasu sun mance hanyar gidansu. Ita kanta mahaifiyata ba ta fita, tun da ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya daina yarda da zaman babur.

Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na zayyana mata komai, har da shanun da ba a gani. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, can ta dubi tunkiya.

"Kin ji, wai wani zai tafi kallon gajimare. Kamar namu na nan ba ya kawo ruwa."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na tashi na ba ta wuri.

Da aka gama amalanke na kawo shi gida na ajiye a tsakar gida. Washegari na fito daga wanka sai na hango mahaifiyata tsaye a kansa. Tana auna tsawonsa da kamu, ta danna katakon da tafin hannu, ta girgiza ƙarfen gefe, ta leƙa ƙarƙashin rumfar. Da ta ji motsina sai ta koma wurin murhu kamar ba ita ba. Haka ta yi ta yi kwana da kwanaki. Ni kuwa na fassara abin da cewa tana duba irin abin da zai hallaka mata ɗa ne. Na je na gaya wa abokina cewa tafiya ta mutu, gara mu nemi mai sayar da ruwa ya saye amalanken ya riƙa jera jarkoki. Raina ya ɓaci sosai a kwanakin nan, ko keken ɗinki na taka sai in ji kamar ba inda za ni har abada.

Abokina ya ce ko sayarwa za a yi sai an gwada, shi ba ya sakin aikin da bai ga ya ɗauki nauyi ba. Ya zo har gida, ya gaida mahaifiyata, muka tsaya a kan amalanken yana ce mini in samo buhunan yashi in ɗora, in yi tafiya mai ɗan nisa a hanya marar kyau, in ji yadda yake bin babur. Muna cikin haka sai muka ji muryarta daga bakin murhu, tana zuba wa tunkiya dusa.

"Ana neman abu mai nauyi a gwada amalanke, za a je a wahala da yashi. Ga tsohuwa nan zaune a banza. Hanyar Kwandiko ma ai ba ta da kyau."

Muka dubi juna. Sai a lokacin na gane awon da take yi: tsawon ƙafarta take aunawa. Yayarta, wadda ta goye ta tun tana jaririya, tana wani ƙauye a bayan Kwandiko, a ƙasar Gwaram, idonta ya tafi. Mota iyakarta bakin titi, sauran hanyar yashi ce da rafi, sai babur. Shekaru sun yi yawa ba su haɗu ba, sai gaisuwa ta bakin 'yan kasuwa. Duk lokacin da aka ta da maganar kai ta, takan ce wa tunkiya a bari sai bayan kaka, don ba ta son a ce ta ɗora wa kowa wahala, balle ni.

Abokina ya koma shago ya ƙara wa amalanken abin jingina. Na shimfiɗa katifa, na jera matasai, na ɗaure rumfar. Ya ce ta zauna ta ba babur baya, ta jingina da allon gaba, hakan zai rage mata jijjiga. Ta saka atamfarta ta Sallah, ta rungume ƙullin daddawa da turare, muka fita rana tana ɗagowa. A cikin gari mutane suka yi ta tsayawa suna kallo, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Na riƙa tafiya a gefen titi a hankali, har masu kekuna suna wuce mu suna yi mana sannu.

Ƙarshen damina ne, dawa ta yi kai, gonaki kore shar har iyakar gani. Da muka sauka daga kwalta muka shiga hanyar yashi, dawar ta rufe mu hagu da dama, ba ka jin komai sai ƙarar babur da kukan kurciya. A nan na ji murya a bayana.

"Ka rage gudu, ina son in ga kukar nan."

Saura kaɗan in saki kan babur. Ni ta ce wa "ka". Babu tunkiya a wurin, kuma ta ba ni baya na ba ta baya, kunya ta rasa inda za ta zauna. Na rage gudu har ƙafata tana jan ƙasa. Ta ce a gindin kukar nan suke hutawa in sun dawo daga ɗebo itace. Ta nuna inda ɗinya take da, ta nuna gonar kakana, ta ce a rafin da za mu haye yayarta ta koya mata wanki. Ta ba ni labarin ranar da aka haife ni, cewa an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma na zo da ƙafafu masu yawan motsi. A madubi ba na ganin komai sai gefen mayafinta yana kaɗawa. Na yi ta addu'a hanyar nan kada ta ƙare.

Mun iske yayarta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Mahaifiyata ta yi sallama, tsohuwar ta tsaya cak, gyaɗar tana zuba daga cinyarta. Ta miƙo hannu ta shafa fuskar mahaifiyata tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Kin tsufa." Mahaifiyata ta ce, "Ke kika fara." Suka yi dariya, dariyar ta koma kuka, ni kuma na fita na je ina duba tayar da ba abin da ya same ta. Kwana muka yi a can, suna ɗaki ɗaya, hirarsu ba ta yanke ba.

Washegari muka kamo hanyar gida. Sai da muka zo daidai kukar nan ta tambaye ni ko da gaske ne gajimaren can yana taɓa mutum. Na ce haka aka gaya mini.

"To ka je ka gani. Ni ma na daɗe ina yin tafiyar nan a raina, na san yadda abin yake cin mutum. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mini da kai."

Na amsa da amin, hanya ta yi mini dishi-dishi a ido. Muna isa gida ta sauka, ta gyara mayafi, ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta ce wa tunkiya a gaya wa mai babur tuƙinsa ba laifi.

Bayan an gama girbi na tafi, na kuma isa. Gajimaren gaskiya ne, ya taɓa ni, yana da sanyi, yana jiƙa gashin ido. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Yayar mahaifiyata kuwa ba ta ga damina ta gaba ba, wannan zuwan shi ne haɗuwarsu ta ƙarshe. Shi ya sa in aka ce in ba da labarin doguwar tafiyata, bakina yakan fara da hanyar Kwandiko kafin ya hau dutse. Na yi wata da watanni ina mafarkin wuri mai nisa, a gida ɗaya da wadda take mafarkin wurin da ake zuwa kafin azahar, kuma abu ɗaya ne ya kai mu duka.

Amalanken yana nan a tsakar gida, a kansa ake shanya kuɓewa. Har yau ba ta kiran sunana, ni ma ban nema ba. Amma lokaci-lokaci, in wata magana ta taru mata, sai in ji tana ce wa jikar waccan tunkiyar, "Tayar amalanken nan kamar tana son gwaji." Sai in kwashe kuɓewar, in ɗauko katifa.