Dardumar Bature da Wanki Bakwai

A gidan da na tashi, cikin birnin Zariya, shimfiɗa ce take gaya wa mutum matsayinsa. Zauren mahaifina farin yashi ne, wanda ake sakewa duk shekara kafin azumi, kuma a kansa ɗalibai suke zama. Baƙo na yau da kullum tabarmar kaba ake warware masa. Idan mai nauyi ne, sai a ɗora masa jemammiyar fatar bijimi a kan tabarmar. Shi kuwa Malam, wato mahaifina, buzunsa ne, fatar wani farin rago wadda gashinta ya suɗe daidai inda gwiwoyinsa suke sauka. Darduma ɗaya ce tak a unguwarmu, ta wani falke da ya zo da ita daga Gabas, kuma ban taɓa ganin mutum a kanta ba. Aronta ake yi ranar ɗaurin aure, a shimfiɗa ta a tsakiya, jama'a su zauna kewaye da ita.

Ina tsakiyar babin tsarki a wurin Malam na ajiye littafi na shiga makarantar Turawa. Daga nan na sami aikin akawu a siton jirgin ƙasa, na yi aure, na koma Tudun Wada, wadda a lokacin sabuwar unguwa ce a bayan ganuwa, mazaunin baƙi da masu aikin Nasara. Malam bai yi mini baki ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ƙafarsa kawai ya hana ni. Duk Juma'a nakan je gaisuwa, ya amsa, ya tambayi mutanen gida, idonsa na kan takarda. Shekara uku ke nan bai taka gidana ba. Kowa kuwa ya san ma'anar uban da bai taɓa zama ya ci tuwo a gidan ɗansa ba.

Gwaggo ce ta shiga tsakani. Yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi, saboda haka ita kaɗai ce a duniya ba ta sauke murya idan tana magana da shi. Da na gama gina sabon ɗakin baƙi a farkon damina, ta zo mini da saƙo.

"Ya ce zai zo ranar Alhamis ta sama, da hantsi. Bai ce zai zauna ba. Wannan kuma ya rage naka."

"To, me zan shimfiɗa masa, Gwaggo?"

"Ƙasa za ka fara gyarawa, ɗan nan. Shimfiɗa ba ta rufa wa mugun daɓe asiri."

Gwaggo ita ce uwar daɓe a unguwarsu. Washegari ta taso da mata kusan ashirin daga birni, kowace da madaɓinta, wato guntun icce mai faɗin baki da ake dukan ƙasa da shi. Suka baza marmara, suka yayyafa ruwa, suka kore ni waje kamar yadda ake korar kowane namiji ranar daɓe. Daga gindin ɗorawar ƙofar gida nake jin dukan yana sauka tare, kamar hannu ɗaya, da waƙa a kansa. Rabin waƙar a kaina take: akawun da yake sa wa ƙafarsa riga kafin ya sa takalmi, wanda yake duba agogo kafin ya san yana jin yunwa. Da la'asar suka kwarara jiƙon makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ya yi tauri. Ɗakin ya fito ja mai duhu, yana sheƙi kamar sabuwar tukunya.

Kafin ta tafi, Gwaggo ta kafa mini doka. "Kwana bakwai, kullum da safe a yayyafa makuba, a bar ƙofa a buɗe ya sha iska. Kada a ɗora masa ko tsinke. Ran Alhamis ka warware masa tabarma mai kyau, shi ke nan."

Na ce to. Amma ranar Asabar aka yi gwanjon kayan wani Baturen ofishinmu da zai koma ƙasarsu, kuma a nan na ga dardumar. Ja ce jawur, ta gashin tumaki, kaurinta ya kai yatsa biyu, gefenta shuɗi da zanen furanni, ga geza a kai da ƙafa. Ta ninka ta falken unguwarmu sau uku. Na tsaya a gabanta ina hango Malam zaune a tsakiyarta, yana gane cewa aikin Nasara ba taɓewa ba ne. 'Yan dako biyu suka kawo mini ita gida, na jingine ta a zaure.

Ranar Litinin maƙwabcina ya shigo ganinta. Shi ne kukun Baturen, dattijo mai son bayani. Ya ce Turawa shimfiɗarsu iri-iri ce: akwai doguwa siririya ta hanyar shiga ɗakuna, akwai ƙarama ta gefen gado, akwai mai kaushi ta bakin ƙofa wadda goge takalmi kawai ake yi da ita. Ya ce ita ta bakin ƙofar ma wani masinja ya saye ta yana salla a kai, goshinsa har ya yi tabo, mutane sun fara ce masa malam.

"Taka kuwa ta falo ce, babbarsu ke nan," in ji shi. Ya warware gefe ɗaya, ya nuna wani wuri da gashin ya kwanta. "Ka ga nan? Nan ne makwancin karen Maigida. Shekara huɗu, ko ni ban isa in tashe shi ba."

Da ya fita, maiɗakina ta leƙo daga bayan asabari. Ta ji komai.

"A naɗe ta kawai a ajiye," ta ce. "Tabarmar da Gwaggo ta faɗa tana nan sabuwa."

Na ce mata ba ta san ilimi ba ne, shari'a ta yi wa kowace matsala magani. Daga ragowar karatuna na tuno abu ɗaya sarai: inda kare ya shiga zance, wanki bakwai ne. Abin da ake wankewa sau bakwai ɗin ne ban tsaya tunawa ba, don a daidai wannan shafin na ajiye littafi.

Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai ko zanen saƙi sai ya kwana biyu kafin ya bushe a wannan hadarin."

Talata na nemi izini a wurin aiki, na kira 'yan dakon nan biyu muka ɗauki darduma zuwa rafin Kubanni da sabulun salo. A wanki na farko ruwa ya fito baƙi, na ce ai ga shaida. A na biyu ya fito ja. A na uku shuɗin gefe ya fara ziyartar furanni. Masu wankin da ke ƙasa da mu suka kwashe fararen rigunan mutane suka koma sama, suna faɗin abin da ba zan rubuta ba. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya ce, "Malam akawu, a bar ta haka mana, ai ko kura ce ta kwana a kanta ta fita." Na ce bakwai aka ce. Muka cika bakwai. Dardumar da mutum biyu suka kai rafi, mutum biyar ne suka dawo da ita, tana ɗiga tun daga bakin ruwa har ƙofar gida.

Laraba rana ba ta fito ba ko sau ɗaya. Muka rataye ta a katanga, katangar ta fara jiƙa. Da la'asar na taɓa samanta na ji kamar ta sha iska, na shawo kan kaina cewa sauran danshin zai ƙarasa fita a ɗaki. Maiɗakina ta tuna mini dokar Gwaggo. Na ce darduma ba tsinke ba ce. Muka shimfiɗa ta a kan sabon daɓe, na rufe ƙofa don kada kaji su shiga.

Alhamis da hantsi Malam ya iso a kan jakinsa, buzunsa a naɗe a hammata. Gwaggo ta riga shi zuwa tana wajen girki. Na durƙusa na gaishe shi, na wuce gaba na buɗe ɗakin. Wani wari ya tarye mu, irin na ragon da ruwan sama ya daka. Malam bai nuna ya ji ba. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya yi bisimilla, ya taka.

Na ji ƙarar kafin in gani. Ruwa ya ɓulɓulo ta tsakanin yatsunsa. Ya ƙara taku ɗaya, don shi ba mutum ne mai ja da baya da gaggawa ba, sannan ya tsaya. Ya juyo a hankali ya fito, ya ɗaga ƙafar dama ya duba. Tafin ya yi ja har gefe, na hagu ma haka.

Daidai nan Gwaggo ta iso da ƙwaryar fura. Ta dubi ƙafafun, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa don kada ta zubar.

"Ashe da rabon in ga ƙanena da lalle," ta ce. "Wa ya kai kuɗin aurenka ban sani ba?"

"Yaya," in ji Malam. Iyakar abin da ya ce mata ke nan. Ni kuwa da yake ɗan fari ne ba ya kama sunana, sai ya dubi gefen kaina ya ce, "Kai, mene ne wannan?"

Na ba shi labari tun daga gwanjo har rafi, ban rage komai ba. Ina fatan ko ba komai zai ga ban yi wasa da tsarki ba.

"Sau nawa ka ce?"

"Bakwai, Allah ya gafarta Malam."

"Karen sha ya yi a cikinta?"

"A'a, kwanciya yake yi a kai."

"Ka ga wata najasa a jikinta?"

"Ban gani ba."

"Wanki bakwai na ƙwaryar da kare ya sa baki ya sha ruwa ne. Ƙwarya. Shimfiɗar da ya kwanta a kai, in babu najasa, kakkaɓewa ake yi. Yana bayan shafin da ka tsaya."

Gwaggo ba ta saurari fatawar ba, hankalinta ya riga ya koma ƙasa. Ta shiga ta kama gefen dardumar ta ɗaga. Daɓen ya biyo ta, faffaɗan ɓawo guda, kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Inda sheƙi yake a da, sai taɓo mai ruwan shuɗi.

"Mata ashirin," ta ce, a hankali. "Tun daga birni, da ƙafa. Na ce kada ka ɗora masa tsinke, ka ɗora masa rafi."

Ina kallon Malam yana sa takalmansa, na tabbata jakinsa zai nufa, kuma wata shekara ukun ce ta kama. Ya bi ta tsakar gida ya shiga zaure, ni ina biye. Zauren babu komai cikinsa sai yashin da na zuba tun da na tare, ban ma share shi ba ranar, don ban ɗauka a nan za a tsaya ba. Ya tsaya ya dube shi. Ya sunkuya ya ɗebi kaɗan ya murza a tafin hannu.

"Na Kubanni ne?"

"Na can ne."

"Yana da laushi."

Ya warware buzunsa ya shimfiɗa, ya zauna, ya lanƙwashe jajayen ƙafafun ya rufe su da riga. Sannan ya ce, "Furar nan da Yaya ta ajiye, a kawo ta kafin ƙuda su riga mu."

Ya sha fura. Aka kawo tuwo da miyar kuka, ya ci, ya ce a gaya wa mai girkin Allah ya yi mata albarka. Maiɗakina ta gaishe shi daga bayan asabari, ya tambaye ta ko ita ta ba da shawarar wankin. Ta ce a'a. Ya ce ya yi zaton haka.

Da zai tafi ya sa aka yanko masa gefe ɗaya na dardumar, wanda ya fi bushewa, ya ce akumarin jakinsa ya tsufa. Shekaru da yawa bayan haka, jakin malami ɗaya ne a birnin Zariya yake yawo da furannin Turawa a gadon baya. Sauran dardumar maiɗakina ta yayyanka, ta yi abin ɗora tukwane da shimfiɗar kwanciyar kaji. Matan daɓe suka dawo bayan sati biyu, bayan na je birni na ba Gwaggo haƙuri sau uku. Wannan karon duk waƙar a kaina take, kuma an ƙara mata baitin kare.

A ranar dai, Malam yana kan jaki, ya riga ya juya kansa wajen ƙofar gari, ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Ran Asabar in ka tashi daga wurin Nasaranka, ka biyo. Littafinka yana nan inda ka bar shi. Ka zo da abin zama, yashin ya cika da mutane."

Ran Asabar na je da tabarmar da Gwaggo ta ce in shimfiɗa masa. Jan bai gama barin ƙafarsa ba, kuma duk cikin ɗaliban babu wanda ya yarda ya gani.